Yadda Za Ka Auna Halinka Kafin Ka Faɗe Shi

Akwai wurare uku da aka fi tsare mutum a ce ya faɗi halinsa da bakinsa: gaban masu ɗaukar aiki, lokacin neman aure, da ƙarshen shekara idan aka miƙo wa ma'aikaci fom ɗin auna ƙwazo. Amsar kusan iri ɗaya ce ko'ina. Ina da haƙuri, ba na son ƙarya, ina da riƙon amana, sai ɗan saurin fushi amma ba na riƙo. Yawancin masu faɗin haka ba ƙarya suke shirgawa ba, har cikin ransu haka suka ɗauki kansu. Abin damuwar shi ne wanda ya saurara zai gina shawara a kan maganar. Zai ba da 'yarsa, ko makullin sito, ko ajin yara arba'in.

Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana kuma cewa gwano ba ya jin warin jikinsa. Duka biyun gaskiya ne, sai dai kowanne da irin halin da ya shafa. Aikin farko ke nan: ka gane wane hali ne kai ka fi kowa saninsa, wane ne kuma sai an gaya maka.

Raba halayen gida uku

A 2010 wata mai binciken halayyar ɗan Adam a Amurka, Simine Vazire, ta sa ɗalibai suka auna kansu, abokansu suka auna su, baƙin da ba su san su ba su ma suka auna su. Daga nan aka gwada maganar kowa da abin da ɗaliban suka aikata a zahiri. Sakamakon ya nuna abu biyu ne ke yanke wanda ya fi sanin hali: ko halin yana fitowa fili a gan shi, da kuma ko akwai yabo ko zargi a tattare da shi.

Gida na farko halayen da ke can cikin ciki: fargaba, yawan damuwa, faɗuwar gaba kafin magana a taro. Nan kai ne shaida mafi ƙarfi, don mutum na iya zama a majalisa fuska sake alhali cikinsa ya ɗuri ruwa. Gida na biyu halayen da kowa ke gani kuma babu wani abin kunya a cikinsu, irin su surutu da son shiga jama'a. A nan kai da abokanka kusan daidai kuke. Gida na uku halayen da ake yabo ko zargi a kansu. A binciken nata an gwada kaifin basira da iya ƙirƙira, kuma abokai sun fi mai abin faɗin daidai. Adalci, karamci, girman kai da rowa duk 'yan gidan nan ne. Su ne kuma waɗanda ake tambaya wajen aure da wajen aiki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan hali abin yabo ne, zuciya tana da riba a cikin amsar. A 1981 Ola Svenson ya tambayi ɗalibai masu tuƙa mota su kwatanta kansu da sauran waɗanda ke cikin gwajin. Kashi 93 cikin 100 na Amurkawan da kashi 69 na 'yan Suwidin sun sa kansu cikin rabin da ya fi iya tuƙi, alhali rabi ba ya ɗaukar fiye da kashi 50.

Ka ɗauki takarda ka rubuta halayen da kake son aunawa. Kada su wuce biyar, don fiye da haka ba za ka iya bin sawunsu ba. A gaban kowanne ka sa lambar gidansa.

Mayar da sunan hali ya zama aiki

Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe, kuma nan ya kamata a daɗe. Sunan hali kamar riga ce mai faɗi, kowa na iya sa ta. David Dunning da abokan aikinsa sun nuna a 1989 cewa mutane sun fi ɗaga kansu a kan halayen da ma'anarsu ke da yalwa, domin kowa yana zaɓar fassarar da ta dace da shi. Da aka ba su takamaiman ma'aunin da za su yi amfani da shi, ɗagawar ta ragu.

Ɗauki kalmar haƙuri. A bakin Bahaushe tana ɗauke da aƙalla abu uku: jure rashi da wahala, danne fushi idan an taɓa ka, da jiran abu har lokacinsa ya yi. Mutum na iya shekara biyu ba aiki bai roƙi kowa ba, amma yaro ya zubar masa da shayi ya kai masa mari. Idan aka tambaye shi zai ce yana da haƙuri, kuma a ma'ana ta farko ya faɗi gaskiya. Iyalin da za su zauna da shi kuwa ma'ana ta biyu ce ta dame su. Haka karamci: akwai na baƙo, akwai na cikin gida, kuma sau da yawa ba mutum ɗaya ke da su duka ba. Shi ya sa ake kiran wani inuwar giginya.

Don haka kowane hali ka rubuta masa ayyuka biyu ko uku da za a iya ƙirgawa, kuma ka rubuta su tun kafin ka duba tarihinka. Idan ka fara dubawa, hannunka zai zaɓi waɗanda ka ci. Ga misalin yadda ake yi:

Amana: cikin basussuka 10 na ƙarshe da na ci, ko na kuɗi ko aron kaya, nawa na mayar ranar da na faɗa ba tare da an tuna mini ba? Zubin adashi nawa na makara? Sirri nawa aka ba ni na kai wa mutum na uku, ko da da sunan neman shawara ne?

Cika alƙawari: cikin haɗuwa 10 na ƙarshe, nawa na isa kafin minti 15 su wuce lokacin da aka sa?

Danne fushi: sau nawa a mako na ɗaga murya, kuma a kan wa?

Wannan "a kan wa" kada a tsallake shi. Wanda bai taɓa ɗaga wa maigidansa murya ba amma kullum yana yi wa ƙannensa tsawa, tsoro ne ke riƙe shi a ofis.

Bayan haka ka ba kanka maki daga 1 zuwa 5 a kowane hali, ka rubuta kwanan wata, ka ninke takardar ka ajiye. Amfanin wannan hasashen sai daga baya zai fito. In ba ka rubuta ba, ranar da sakamako ya zo za ka ce ai dama ka sani.

Kwana 14 na rubutu

Tunani ba ya ajiye komai da komai. Ya fi riƙe ranar da ka yi abin kirki da wahalar da ka sha wajen yin sa. Michael Ross da Fiore Sicoly sun tambayi ma'aurata a 1979 kowa ya faɗi rabonsa a ayyukan gida, kuma a yawancin gidajen idan aka haɗa na miji da na mata sai ya zarce ɗari bisa ɗari. Kowa ya ga aikinsa duka, na abokin zamansa kuwa wani sashe kawai ya gani.

Maganin wannan rubutu ne a kan lokaci. Ka samu ƙaramin littafi ko ka buɗe wurin rubutu a waya. Sau uku a rana, bayan Azahar, bayan Magariba da kafin barci, ka rubuta layi huɗu: ina nake, da wa, me ya faru, me na yi ko na ce. Minti biyu ya isa. A kwana 14 za ka tara rubutu 42. Ka zubar da na kwana biyun farko, domin wanda ya san yana rubuta kansa yakan gyara zama, sai bayan ya saba yake komawa yadda yake. Kada ka yi aikin a watan azumi, ko makon biki, ko lokacin zaman makoki. Waɗannan ba ranakunka na yau da kullum ba ne.

Abin da ka yi za ka rubuta, ban da dalili. "Na kashe wayar yana cikin magana" ya wadatar. Da ka ƙara "saboda ya raina mini hankali" ka koma lauyan kanka. Dalilan da mutum ke bayarwa ma ba su cika zama abin dogaro ba. A wani gwaji da Richard Nisbett da Timothy Wilson suka bayar da rahotonsa a 1977, an jera safa huɗu iri ɗaya sak a kan tebur aka ce masu wucewa su zaɓi mafi kyau. Mutane sun fi zaɓar ta hannun dama nesa ba kusa ba, suna cewa saƙarta ce ko laushinta, kuma da aka tambaye su ko wurin da take ne ya ja su sai suka musanta.

Kana da wasu shaidun ma waɗanda ba ka shirya su ba. Jerin kiran wayarka zai nuna wanda kake kira da wanda kake bari ya yi ta kira. Saƙonnin banki za su nuna inda kyautarka take tafiya. Littafin bashin mai shagon unguwa ya san amanarka. Ka koma saƙonnin WhatsApp na wata uku baya ka karanta yadda ka amsa wa wanda ya nemi alfarma da wanda kai ka nemi alfarma wurinsa.

Za ka tarar halinka yana hawa yana sauka fiye da yadda ka zata. Wannan ba alamar munafunci ba ne. William Fleeson ya sa mutane suna rubuta yanayinsu sau da yawa a rana na tsawon makonni biyu zuwa uku, ya kuma ruwaito a 2001 cewa mutum ɗaya yakan nuna kusan kowane mataki na hali cikin kwanakin, amma matsakaicinsa yana nan daram daga mako zuwa mako. Matsakaicin nan shi kake nema, ba ranar da ka fi kyau ko ranar da ka fi muni ba.

Wa za ka tambaya, kuma ta yaya

An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani mutum a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi: maƙwabcinsa ne kai, ka san shigarsa da fitarsa? Kun taɓa tafiya tare? Kun taɓa hulɗar dinari da dirhami? Da ya ce a'a ga duka ukun, sai ya ce masa to ba ka san shi ba. Har yau babu ma'aunin zaɓen shaida da ya fi wannan sauƙi. Ka nemi mutum biyar: wanda kuka zauna gida ɗaya, wanda kuka yi doguwar tafiya, wanda kuɗi ya haɗa ku, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinka amma yanzu ba ya cin abinci a hannunka, da taubashi ko wani abokin wasa. Na ƙarshen nan yana da daraja ta musamman, domin al'ada ta ba shi lasisin faɗin abin da wasu ke haɗiyewa. Tsokanar da yake maimaita maka shekara da shekaru, akwai ƙwayar gaskiya a cikinta.

Mutum ɗaya bai isa ba, don kowa ta ƙofa ɗaya yake ganinka. Da Brian Connelly da Deniz Ones suka tattara binciken shekaru masu yawa a 2010, sun samu cewa abin da wasu suka faɗa game da halin mutum ya fi abin da ya faɗa da kansa hasashen ƙwazonsa a makaranta da wurin aiki, kuma haɗa bakin mutane da dama ya fi na mutum ɗaya inganci.

Ka bar mahaifiya, ka bar yaron shagonka na yanzu, ka bar wadda kake nema ko wanda ke nemanki. Ɗaya so ya rufe mata ido, ɗaya tsoro ya ɗaure masa baki, na ukun kuma bai ga komai ba tukuna sai kwalliya.

Babbar matsala a ƙasar Hausa ita ce kara. Idan ka ce wa mutum "don Allah yaya halina yake?" amsar da za ka samu ita ce "wallahi ba ka da matsala". Ba zai ci fuskarka ba. Sai ka canza tambayar ta koma kan abin da ya faru:

Yaushe ne na ƙarshe da na ɓata maka rai ban sani ba?

Da za ka tura ƙaninka ya yi aiki da ni, me za ka ce ya kiyaye?

In na ce zan zo ƙarfe huɗu, ƙarfe nawa kake fara duba hanya?

Tambaya ta biyu ta fi aiki, domin ta ba shi damar faɗin aibinka a matsayin nasiha ga wani. Idan waɗanda za ka tambaya na ƙasa da kai ne, ka wakilta amini ya karɓo amsoshin a rubuce ba suna, tare da maki 1 zuwa 5 a kan ayyukan da ka riga ka rubuta. Mace za ta fi samun gaskiya ta hannun ƙawa ko yaya fiye da ta tambayi dangin miji kai tsaye.

Idan ana ba ka amsa, abu biyu kawai za ka ce: "ba ni misali" da "na gode". Ranar da ka fara kare kanka, ka rufe ƙofar, kuma labari zai kai ga sauran huɗun.

Imam Ghazali ya lissafa hanyoyi huɗu na sanin aibin kai: malami mai basira, aboki mai gaskiya, harshen maƙiya, da lura da abin da kake ƙi a jikin mutane. Ta ukun tana buƙatar taka-tsantsan. Maƙiyi yakan faɗi inda aibin yake daidai amma ya ninka girmansa. Ka ɗauki wurin da ya nuna, girman kuma ka auna da rubutunka.

Haɗa shaidu

Yanzu ka buɗe takardar da ka ninke. Kowane hali yana da lamba uku: hasashenka, abin da rubutun kwana 12 ya nuna, da makin mutane biyar. Makin mutanen ka jera shi daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, don kada mai jin haushinka ɗaya ko mai ƙaunarka ɗaya ya ja sakamakon.

Idan tazarar da ke tsakanin hasashenka da sauran lambobin biyu ba ta wuce maki 1 ba, ka san kanka a wannan halin. Idan ta kai 2, sai ka duba gidan da halin yake. A gida na farko maganarka ce gaba: in sun ce ba ka da tsoro kai kuma ka san gabanka na faɗuwa, abin da suka gani iya ɓoyewarka ne. A gida na uku maganarsu ce gaba, musamman idan uku cikin biyar sun faɗi abu ɗaya ba tare da sun haɗa baki ba. Idan kuma sun rabu biyu, 'yan gida sun ba ka 2 abokan aiki sun ba ka 5, kada ka haɗa ka raba ka ce 3 da rabi. Rabuwar ita ce sakamakon: halin naka yana bin wuri.

Inda aikin ke lalacewa

Na farko, auna kai da niyya. A wani bincike na Nicholas Epley da David Dunning da aka buga a 2000, an tambayi ɗaliban Jami'ar Cornell ko za su sayi furen da ake sayarwa don tallafa wa masu cutar daji. Kashi 83 suka ce za su saya, suka kuma yi hasashen kashi 56 na 'yan'uwansu ne za su saya. Waɗanda suka saya a zahiri kashi 43 ne. Hasashensu a kan wasu ya fi kusa da gaskiya. Akwai dabara a nan: idan kana son sanin abin da za ka yi, tambayi kanka me mutum irinka ya saba yi a irin wannan hali.

Na biyu, bayanin da ya dace da kowa. A 1948 Bertram Forer ya ba ɗalibansa gwajin hali, ya raba musu sakamako kowa da sunansa, suka ba shi maki kusan 4.3 cikin 5 don dacewa da su. Takarda ɗaya ce ya ba kowa. Irin wannan ne ke sa bayanin taurari da gwaje-gwajen hali na intanet suke kama da gaskiya. Duk jimlar da ka rubuta game da kanka, ka gwada ta a kan mutum uku da ka sani. In ta hau kansu duka, ba ta faɗi komai a kanka ba. Gwaje-gwajen da masana suka tsara da kyau ma a Turai da Amurka aka gina yawancinsu, kuma da aka gwada ma'aunin da masana ke amfani da shi, mai raba halin ɗan Adam zuwa manyan gidaje biyar, a kan mutanen Tsimane na ƙasar Bolibiya, rahoton 2013 ya nuna halayen ba su rabu gida biyar ɗin da aka saba gani ba. Kunya, kara da kawaici ba lallai su samu gurbin da ya dace da su a irin waɗannan tambayoyin ba.

Na uku, da wa kake gwada kanka. Wanda ya tashi a gidan masu zafin rai zai ga kansa mai sanyi, a wani gidan kuma shi ne abin tsoro. Ƙirgen aiki yana maganin wannan, don "sau huɗu a mako" ba ya canzawa da gida.

Na huɗu, rage kai fiye da ƙima. Wasu don kunya suke yi, wasu don a ce suna da tawali'u. Shi ma rashin adalci ne, kuma yana hana mai cancanta aiki a ba wanda bai kai shi ba. Alƙur'ani ya hana tsarkake kai a Suratun Najmi aya ta 32, amma a Suratu Yusuf aya ta 55 Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa ya ce shi mai tsarewa ne, masani. Hali biyu ya ambata, duka kuma waɗanda aikin ke buƙata. Wanda kuma ya ga rubutunsa na kwana 14 babu komai sai zargin kai, ga rashin barci da rashin jin daɗin komai, ya dakatar da aikin ya ga likita, domin ciwon damuwa yana karkatar da ma'aunin zuwa ƙasa.

Yadda za ka faɗe shi

Kowane hali ka faɗe shi da abu uku: yanayin da yake fitowa, abin da kake yi, da shaidar da za a iya bincika. Maimakon "ina da riƙon amana" ka ce: "Na riƙe kuɗin ƙungiyarmu shekara uku, ana duba littafin duk wata shida, ga wanda za ku tambaya." Maimakon "ina da ɗan fushi" ka ce: "Idan aka yi mini gyara a gaban mutane nakan yi shiru kwana ɗaya ko biyu. In aka kira ni gefe, nan take nake karɓa." Ka raba abin da ka sani da abin da aka gaya maka: "Ni ban ji haka a raina ba, amma mutum uku da suka yi aiki da ni sun ce ina katse mutane a magana."

A wajen neman aiki, hali biyu ko uku da suka shafi aikin sun isa, da rauni ɗaya na gaske tare da matakin da kake ɗauka a kansa. A wajen aure kuwa gida na farko ne ya fi muhimmanci ka buɗe da bakinka, irin su kishi, yawan zargi, ko tsoron talauci da ke sa ka ƙulle hannu, domin masu bincike za su zagaya unguwa su ji labarin gida na biyu da na uku, amma waɗannan babu maƙwabcin da zai iya gaya musu. Ka ba waliyyai sunayen mutanen da suka cika sharuɗɗa ukun nan na maƙwabtaka, tafiya da kuɗi, har da wanda kuka taɓa saɓawa kuka shirya. Takardar kuma ka ajiye ta, ka sake aikin bayan shekara ɗaya ko bayan wani babban sauyi kamar aure, sabon muƙami ko samun kuɗi, da ayyukan da ka ƙirga a karon farko, don lambobin su gwadu da juna.